Kafin ka goge komai: yadda ake gane ko tushen sabar ya cika

Sabar da tushenta, wato babban ɓangaren faifanta, ya cika ba ta mutuwa gaba ɗaya, shi ya sa take ruɗa mutane. Fitila na ci, fanka na juyawa, in ka aika mata `ping` ta amsa maka. Amma shafin makaranta ya ƙi karɓar sunan ɗalibi, mai karɓar kuɗi a sito ya danna ajiyewa rasit ya ƙi fita, ma'aikaci ya sa lambar sirrinsa daidai shafin ya sake dawo da shi bakin ƙofa. A ofisoshinmu na Birnin Kebbi da Gusau abin da ake fara cewa shi ne "netiwok ne", a kashe rawuta a kunna, a kira mai sayar da data a yi masa faɗa, alhali matsalar tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Akwai wata alama da ba ta ƙarya a Linux: ka shiga ta SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ka fara rubuta sunan folda ka danna Tab don ta ƙarasa maka, sai bash, manhajar da ke karɓar umarninka, ta ce `cannot create temp file for here-document: No space left on device`. In ka ga wannan, bar zargin kamfanin waya.

Tushe shi ne `/`, inda `/etc` da `/usr` suke, kuma a yawancin sabobin da ake kafawa a nan har `/var` da `/home` da `/tmp` duk a kansa suke zaune. Umarnin farko:

```
df -hT /
```

Amsar takan zo kamar haka:

```
Filesystem                         Type  Size  Used Avail Use% Mounted on
/dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv  ext4   98G   93G     0 100% /
```

Tsaya a kan wannan layin, kada ka yi sauri. Girma 98G, an ci 93G, saura sifili. To ina 5G ya shiga? Ba ɓata ya yi ba. Tsarin ext4 yana ware kashi 5 cikin 100 na faifan tun ranar da aka tsara shi, ba wanda zai rubuta a wurin sai `root`, mai cikakken iko a kan injin. Adadin da ke ƙarƙashin `Use%` kuma ba da girman faifan ake lissafa shi ba, ana raba abin da aka ci ne da jimlar abin da aka ci da abin da ya rage wa sauran masu amfani, sannan a ɗaga shi sama. Saboda haka ginshiƙin da ya fi muhimmanci shi ne `Avail`. Kashi 95 a faifai mai terabayit biyu fili ne mai yawa, kashi 95 a VPS (sabar haya a intanet) mai 20G kuwa log ɗin yini guda, wato rubutun da manhajoji ke ajiyewa na abin da ya faru, zai iya cinye abin da ya rage.

Wannan keɓaɓɓen kason shi ne ke yaudarar masu gwaji. Mutum ya zama `root`, ya rubuta fayil ya ga ya rubutu, sai ya ce ai faifai lafiya lau. Amma MySQL, manhajar rumbun bayanai, a matsayin `mysql` take aiki, PHP da nginx a matsayin `www-data`, su kuwa an riga an rufe musu ƙofa. Gwaji da `touch` ma bai isa ba, domin fayil marar komai a ciki yawanci ba ya buƙatar fili. Gwajin da ake dogara da shi shi ne ka rubuta bayanai na gaske da sunan wanda manhajar ke aiki da shi:

```
sudo -u www-data dd if=/dev/zero of=/var/tmp/gwaji bs=1M count=10 conv=fsync
sudo rm /var/tmp/gwaji
```

In ya tsaya da `No space left on device`, ka samu tabbaci. Wannan saƙon shi ne kuskure mai lamba 28, kuma da wannan lambar zai bayyana a log ɗin MySQL. Ka kuma tambayi `df` wuraren da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, `df -h /tmp /var /var/lib/mysql /boot`, don ka ga wanne ne a kan tushe wanne ne a wani ɓangare. Sau da yawa `/boot` ne kaɗai ya cika da tsofaffin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, tushe kuwa ko rabi bai kai ba. In ka kira `df -h` ba tare da komai ba ka ga layukan `/dev/loop` duk suna nuna 100%, kada gabanka ya faɗi: kunshin snap ne, a matse suke kuma ba a rubutu a cikinsu, kullum haka suke nunawa. `df -h -x squashfs -x tmpfs` zai kawar maka da su.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke tsayawa alhali aiki bai ƙare ba. `df -h` zai iya nuna kashi 40 kacal, amma saƙon "babu fili" na ta fitowa. Duba wannan:

```
df -i /
```

Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, yana cin ainod guda, wato gurbin da ake rubuta mai shi da izininsa da inda bayanansa suke a faifai. Kamar sitan shinkafa ne a Argungu da ke da sauran fili har rabi, amma littafin da ake rubuta shigar buhu ya ƙare: ba layin rubutu, ba buhun da zai shiga. A ext4 ana yanke adadin ainod tun lokacin tsara faifan, bisa ƙa'idar ɗaya ga kowane bayit 16,384. Ɓangare mai 100G zai samu 6,553,600, VPS mai 20G kuwa 1,310,720 kawai. Adadin kamar ba zai ƙare ba, amma yana ƙarewa. Aikin `cron` (mai tayar da ayyuka a kan lokaci) da ke gudana kowane minti yana fitar da rubutu, `cron` na mayar da rubutun wasiƙa, in postfix, mai aika wasiƙun, a tsaye take wasiƙun su taru a `/var/spool/postfix/maildrop`: fayil 1,440 a rana, 525,600 a shekara, daga aiki guda. Sai zaman PHP, ƙananan fayilolin da take ajiye wa masu buɗe shafi. A Debian da Ubuntu an kashe sharar da PHP ke yi da kanta, an bar wa wani aiki na tsarin da ke share `/var/lib/php/sessions` duk rabin awa. Idan mai rubuta manhajar makaranta ya sauya inda ake ajiye zaman zuwa wata folda tasa, ba mai share ta, kuma lokacin rajistar ɗalibai ko duba sakamako kowane mai buɗe shafin yana barin fayil guda. Ga yadda ake gano inda suka taru:

```
sudo du --inodes -x -d 3 / 2>/dev/null | sort -n | tail -20
```

A irin wannan foldar `rm *` zai ƙi, ya ce `Argument list too long`. Da `find` ake yi: `find /inda/suke -type f -name 'sess_*' -mtime +2 -delete`. Ka fara gudanar da shi ba tare da `-delete` ba, ka ga abin da ya lissafo. Kuma `-delete` a ƙarshe ake sa shi, dole. `find` daga hagu zuwa dama yake karanta sharuɗɗa, in ka sa shi a gaba zai goge duk abin da ke cikin foldar tun kafin ya kai ga sharaɗin suna. XFS, wani tsarin faifai dabam da ext4, ba ta cika samun wannan matsalar ba domin tana ƙirƙirar ainod yayin da ake buƙata, btrfs kuma lissafinta dabam ne, `btrfs filesystem usage /` ake tambaya.

Akwai abubuwa biyu da ke kama da cikar faifai amma ba ita ba ce. Na farko ya fi yawa a wajenmu. In kanel ta ga kuskure a ext4, a tsarin da aka sa `errors=remount-ro` takan mayar da tushe na karatu kawai don kada ɓarnar ta yaɗu. Manhajoji su kasa rubutu daidai kamar faifai ya cika, sai dai saƙon `Read-only file system` ne. `findmnt -no OPTIONS /` zai nuna `ro` a farkon layi, `sudo dmesg -T | grep -iE 'ext4|I/O error'` kuma ya nuna dalili. Injin da ke shan ɗaukewar wuta ba tare da inbata mai kyau ba, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, ga ƙurar hunturu a fanka, faifansa ba ya daɗewa. A nan goge fayil ba zai yi komai ba, ba ma zai gogu ba. Ka kwashe kwafin bayanai zuwa wani wuri tukuna, ka duba lafiyar faifan da `smartctl -a /dev/sda`, sannan a yi `fsck` daga wani tsarin da aka tayar ta filasha. Na biyu kuma, in fili da ainod duk suna nan amma wata manhaja na cewa babu fili, duba `sysctl fs.inotify.max_user_watches`. Kanel da wannan saƙon take amsawa in adadin fayilolin da ake sa wa ido ya kai iyaka, kuma a tsofaffin sigogi iyakar 8192 ce kawai.

To an tabbatar ya cika. Me ya cika shi?

```
sudo du -xh -d 1 / 2>/dev/null | sort -h
```

Harafin `x` shi ne ginshiƙin wannan umarnin. Yana hana `du` tsallakawa zuwa wasu faifan da aka jona, da `/proc`, da foldojin da ke wata na'ura. In ka manta shi za ka zauna kana jiran lissafin faifan ajiya mai terabayit huɗu wanda ba shi ya cika ba. Dubi layin ƙasa, ka shiga wanda ya fi girma, ka maimaita: `/var`, sai `/var/lib` ko `/var/log`, har ka kai ga mai laifin. In sabar na cikin aiki sa `ionice -c3` a gaban `du` don kada ya danne rumbun bayanai. `ncdu -x /` ya fi daɗin aiki, amma `apt` ba zai iya sauko da shi a faifan da ya cika ba, don haka ranar da ka kafa sabar za ka saka shi. Kada ka yarda da girman da `ls -l` ya nuna kafin ka tambayi `du`. Fayil kamar `/var/log/lastlog` zai iya nuna girma mai ban tsoro alhali yawancinsa rami ne da bai ci komai a faifai ba, `/proc/kcore` kuwa da ke nuna 128T ba fayil ba ne a faifai sam.

Daga nan sai ka kwatanta jimlar da `du` ya bayar da `Used` na `df`. In sun yi kusa, madalla, mai laifin na cikin jerin. In `df` ya ce 93G `du` ya ce 50G, to akwai 43G da ba ka gani, kuma wuri biyu ne yake ɓuya.

Na farko: fayil da aka goge amma wata manhaja na riƙe da shi a buɗe. A Linux `rm` suna kawai yake cirewa daga folda. Bayanan ba sa barin faifai sai mai riƙe da fayil na ƙarshe ya sake shi. Wani ya ga `access.log` ya kai 30G ya goge, ya duba `df` bai ga canji ba, sai ya ci gaba da goge wasu abubuwa cikin ruɗewa, nginx kuwa na nan tana ta zuba rubutu a fayil da ba shi da suna, yana ci gaba da girma ba mai ganinsa. Ga mai tona shi:

```
sudo lsof +L1
```

Zai lissafo fayilolin da ba su da sauran suna, da girmansu, da lambar aikin da ke riƙe da su, da lambar riƙon a ginshiƙin `FD`. In babu `lsof`, `sudo find /proc/*/fd -lname '*(deleted)' -ls` zai wadatar. Magani mai tsafta shi ne sake tayar da manhajar da `systemctl restart`, fili ya dawo nan take. In ana tsakiyar jarrabawa a cibiyar CBT ko layin marasa lafiya ya yi tsawo a ɗakin kati, ba damar tsayar da komai, ana iya zubar da cikin fayil ɗin ta ƙofar baya: `sudo truncate -s 0 /proc/1234/fd/7`, inda 1234 lambar aikin ce, 7 kuma lambar riƙon. Wannan na log ne kawai. MySQL da kanta takan buɗe fayilolin wucin gadi ta goge sunansu da gangan tana aiki da su, za su fito a jerin nan, kuma wanda ya zubar da su ya taɓa abin da ba nasa ba.

Daga wannan ake gane yadda ake rage log mai rai: ba a goge shi, zubar da cikinsa ake yi. Ka fara ɗebe ƙarshensa don bincike, `sudo tail -n 5000 /var/log/nginx/error.log > /dev/shm/karshe.log`, domin `/dev/shm` a RAM yake, ba ya buƙatar faifai, amma fa in wuta ta ɗauke ya tafi, don haka ka kwafe shi zuwa kwamfutarka da wuri. Sai `sudo truncate -s 0` a kan fayil ɗin. Rubuta `sudo > fayil` ba ya aiki, domin bash ce ke buɗe fayil ɗin da sunanka tun kafin `sudo` ya fara.

Wuri na biyu shi ne wanda na fi so masu kula da sabar a Kebbi da Zamfara su riƙe, domin yanayin wutarmu ne ke haifar da shi. An jona faifan waje a `/mnt/ajiya`, an sa aikin dare ya riƙa zuba kwafin rumbun bayanai a can. An sa `nofail` a `/etc/fstab` don sabar ta tashi ko faifan bai amsa ba, kuma hakan daidai ne. Wata rana wuta ta ɗauke, aka koma janareta, sabar ta tashi amma faifan wajen bai tashi da wuri ba ko kebul ya saki. `/mnt/ajiya` ta koma folda kawai a kan tushe. Aikin dare bai san komai ba, yana ta zuba kwafi a ciki dare bayan dare. Bayan kwanaki aka sake tayar da injin, faifan ya jonu, ya rufe foldar da duk abin da ke cikinta. Yanzu `du` ba ya ganin fayilolin, `lsof` ba ya ganinsu, amma suna zaune a kan tushe. Don ka leƙa ƙarƙashi ba tare da ka cire komai ba:

```
sudo mkdir /run/kallo
sudo mount --bind / /run/kallo
sudo du -xh -d 2 /run/kallo/mnt
sudo umount /run/kallo
```

An zaɓi `/run` ne saboda a RAM take, folda za ta ƙirƙiru ko tushe ya cika maƙil. Abin da ka gani a `/run/kallo` tushen ne da kansa ba kwafinsa ba, duk abin da ka goge a can ya gogu. Kafin ka share waɗannan kwafin, duba ranakunsu: mai yiwuwa su kaɗai ne kwafin waɗancan kwanakin, sai ka mayar da su faifan ajiyar. Rigakafin layi guda ne a farkon rubutun aikin dare, `mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1`. Ka ƙara da `sudo chattr +i /mnt/ajiya` lokacin da faifan ba ya jone, ta yadda ko `root` ba zai iya rubutu a foldar ba sai faifan na kanta.

Katsewar intanet ma na cika faifai ta irin wannan hanyar. 'Yan Zamfara ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar tsawon makonni. A irin wannan hali kwafin da ake turawa waje a goge na gida yakan taru, wasiƙu su cika layin jira, manhajar da ke neman wata sabar a waje kuma ta riƙa rubuta "na kasa" ba ƙaƙƙautawa. Yi lissafin da kanka: saƙo mai bayit 200, sau 500 a daƙiƙa, ya haura gigabayit takwas a yini. Saboda haka bayan ka samu fili kada ka tashi daga kujera. Sa `watch -n 10 df -m /` ka ga ko adadin filin da ya rage na sauka, sannan `sudo find / -xdev -type f -mmin -10 -size +50M` ya nuna maka manyan fayilolin da aka taɓa cikin minti goman da suka wuce. In ba ka toshe mai zubar ba, gobe da asuba za a sake kiranka.

Wajen samun fili, fara da abin da ba ya cutarwa. `sudo apt clean` na zubar da kunshin da aka riga aka girka daga `/var/cache/apt/archives`. `journalctl --disk-usage` zai faɗi abin da log ɗin systemd ya ci, wanda a ƙa'ida yana iya kai kashi 10 na faifan amma ba ya wuce 4G; `sudo journalctl --rotate` sannan `sudo journalctl --vacuum-size=200M` za su rage shi, `SystemMaxUse=` a `/etc/systemd/journald.conf` kuma ya ɗaure shi dindindin. Tsofaffin log masu `.gz` a `/var/log` ana iya kwashe su. Sabar da ke fuskantar intanet da SSH a buɗe, duba `/var/log/btmp` da `auth.log`, masu gwada lambobin sirri ba sa barci. `sudo apt autoremove --purge` na cire tsofaffin kanel, amma karanta jerin da ya kawo kafin ka amince, ka kuma duba `uname -r` ka san wadda kake kai. `snap list --all` na nuna tsofaffin sigogi masu alamar `disabled`.

Docker, mai gudanar da manhajoji a cikin kwantena, da rumbun bayanai su ne manyan masu ci, kuma a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Docker ba ya sa wa log ɗin kwantena iyaka sai ka sa masa. Fayil ɗin na `/var/lib/docker/containers/`, sunansa ya ƙare da `-json.log`, yana iya kai gomman gigabayit. A `/etc/docker/daemon.json` ake sa `max-size` da `max-file`, kuma sababbin kwantena kaɗai dokar ke kamawa, tsofaffin sai an sake ƙirƙirarsu. `docker system df` na nuna rabon, `docker system prune` na share tarkace, amma ka yi nesa da `--volumes` sai ka tabbata abin da ke ciki. MySQL 8.0 kuwa tana kunna binlog, wato log ɗin sauye-sauyen bayanai, da kanta kuma tana riƙe na kwana 30, kowane fayil na iya kai 1G. Daga cikin MySQL ake rage su, `SHOW BINARY LOGS;` sannan `PURGE BINARY LOGS BEFORE` da ranar da ka zaɓa, bayan ka tabbata ba wata sabar da ke kwafa daga gare su. Goge su da `rm` na barin jerin sunayensu ya saɓa da abin da ke faifai. Ka sani kuma in faifai ya cika MySQL na rubuta binlog, ba faɗuwa take yi ba, jira take yi tana dubawa duk minti, shi ya sa shafin ke rataye yana juyi maimakon ya nuna kuskure. Da ka samar da fili takan ci gaba da kanta.

Waɗannan kuwa ko da wasa: `ibdata1`, da `ib_logfile0` ko foldar `#innodb_redo` a sababbin sigogi, da `pg_wal` ta PostgreSQL, da `/var/lib/dpkg`, da `/swap.img` yana aiki. Kalmar log da ke cikin wasu sunayen ta jawo wa mutane asara mai yawa, har PostgreSQL ta sauya wa foldar `pg_xlog` suna zuwa `pg_wal` a siga ta 10 a 2017 saboda masu goge ta suna zaton tarkace ce. Kada kuma ka gyara wani fayil a `/etc` kafin ka samu fili. Wasu editoci sukan zubar da tsohon rubutun kafin su rubuta sabon, in rubutun ya gaza sai ka tashi da `fstab` ko `sshd_config` marar komai a ciki, sabar kuma tana Yawuri ko Talata Mafara kai kana babban birnin jiha.

In ba abin gogewa kuma kana buƙatar numfashi, rage keɓaɓɓen kason: `sudo tune2fs -m 1 /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv`. Yana aiki nan take ba sai an tayar da injin ba, a 100G zai ba ka kusan 4G. Aro ne, ka mayar da shi `-m 5` in ƙura ta lafa, domin wannan kason ne ke ba ka damar shiga ka yi gyara ranar da abin ya sake faruwa.

Kafin a rubuta wa oga takardar sayen sabon faifai, Malam, duba `sudo vgs`. Mai girka Ubuntu Server in ya bi zaɓin LVM, tsarin yanka faifai ɓangare-ɓangare da ake iya faɗaɗawa, ba ya ba tushe dukkan faifan. A babban faifai 100G yake yanka masa ya bar sauran a ajiye. Injin mai faifan 1T zai iya cika a 98G alhali sama da 800G na zaune ba a taɓa ba. In ginshiƙin `VFree` ya nuna fili:

```
sudo lvextend -r -L +100G /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv
```

`-r` ne ke faɗaɗa ext4 ɗin tare da ɓangaren, sabar na aiki, ba a kashe komai. Na fi son a ƙara da kaɗan-kaɗan a kan a zuba `+100%FREE` gaba ɗaya, domin ƙari minti guda ne, ragi kuwa sai an sauke tushe, a XFS ma kada ka sa rai da shi. Sauran filin ya fi amfani in aka yanka wa `/var/lib/mysql` ko `/var/log` nasu ɓangaren, ta yadda in sun cika ba za su ja tushe su faɗi tare ba. A VPS da ka ƙara wa girma daga shafin kamfanin, `growpart /dev/vda 1` ne sannan `resize2fs /dev/vda1`. `growpart` na buƙatar ɗan wuri a `/tmp`, in ya ƙi sai ka ɗora masa na RAM da `sudo mount -t tmpfs -o size=10M tmpfs /tmp`, ka cire bayan ka gama.

Saura sa ido. Ɗan rubutun nan ya isa mafari, a ajiye shi a `/usr/local/bin/duba-tushe`:

```
#!/bin/sh
fili=$(df --output=pcent / | tail -1 | tr -dc '0-9')
ainod=$(df --output=ipcent / | tail -1 | tr -dc '0-9')
if [ "$fili" -ge 85 ] || [ "$ainod" -ge 85 ]; then
  /usr/local/bin/aika-gargadi "tushe: fili $fili, ainod $ainod"
fi
```

`aika-gargadi` naka ne ka rubuta, ko Telegram ta `curl` ko SMS, muddin saƙon zai bar injin ya iso wayarka. Gargaɗin da ke bin wasiƙar cikin gida yana buƙatar faifan da ya cika kafin ya fita, don haka a kashi 85 ake so ya yi kuka, ba a 99 ba. A fayil dabam aka sa shi da gangan: alamar `%` a cikin layin `crontab` ma'anarta sabon layi, takan karya umarnin ba tare da ta faɗa maka ba. Inda intanet ke yawan yankewa, ka koya wa wanda ke zaune kusa da injin ya riƙa karanta layin `Usage of /` da Ubuntu Server ke nunawa a duk shiga, ya rubuta adadin a littafi duk Litinin. Bambancin mako da mako ne zai faɗa maka watan da faifan zai cika.

Ranar da faifai ke da fili, ka ware wa kanka ajiya da `sudo fallocate -l 2G /fili-na-gaggawa`. Fayil ne da ba manhajar da ke riƙe da shi, don haka `rm` guda zai dawo da 2G nan take, wanda ya isa MySQL ta ƙarasa rubutunta kai kuma ka yi bincike a natse. Ka cire shi daga jerin abin da aikin dare ke kwafa, ka rubuta sunansa da amfaninsa a `/etc/motd` don wanda zai karɓi aikin bayanka ya gani, sannan ka sake ƙirƙirarsa da zarar an gama gyara.